MAƘERIN KWAMFUTA A MA'AUNIN MUTUMIN KIRKI: TARIHIN STEVE WOZNIAK

Gabatarwa

Akwai wani ƙanena, ɗan baffana, wanda kan taso daga Bungudu kowace safiya ya tafi Gusau koyon gyaran wayar hannu. Shekararsa ta uku ke nan a shagon. Ran nan da na je hutu na tambaye shi inda aka kwana, sai ya yi murmushi ya ce ya iya canja gilashi da batir da wurin caji, amma duk ranar da aka kawo aiki mai wuya sai maigidansa ya aike shi sayen ruwan sanyi, kafin ya komo an gama an ɗaure. Ban yi mamaki ba, domin haka muka gada. Maƙeri da wanzami da majemi, kowa da asirin sana'arsa, wani ma ko ɗan cikinsa ba ya nuna wa sai ya ga tsufa ya ci ƙarfinsa.

Wannan hira ce ta tuna mini da tarihin wani Ba'amurke mai suna Steve Wozniak, wanda ya ƙera ɗaya daga cikin kwamfutocin farko da mutum ɗaya zai iya saya ya ajiye a ɗakinsa, kana ya riƙa raba zanenta kyauta ga duk mai so. Kada mai karatu ya ce ina ruwan ɗalibin Hausa da maƙerin Amurka. Tun 1 ga Oktoba, 1996, da Gusau ta zama babban birnin jiha, na'urorin nan ke ta kutsowa cikin ofisoshinmu da makarantunmu. Daga 2015 kuwa hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, watau ke nan kusan dukanmu ɗalibai ta ƙofarta muka shigo jami'a. A watan Satumba na 2021 da aka datse layukan waya a Zamfara, kowa ya ga yadda ciniki da zumunci suka tsaya cik. Abin da ya shiga rayuwarka haka, ai ya kamata ka san hannun da ya fito.

Ma'aunin da zan auna mutumin da shi namu ne na gida. A 1973 Anthony Kirk-Greene, Baturen nan da ya yi aikin mulki a Adamawa kuma ya koyar a Zariya, ya yi wata lacca a Jami'ar Indiyana a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, aka buga ta a 1974. Ya lasafta halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. To, bari mu bi tarihin Wozniak daki-daki mu ga nawa ya cika, nawa kuma suka kuɓuce masa.

Tasowarsa

An haifi Stephen Gary Wozniak ran 11 ga Agusta, 1950, a birnin San Jose na jihar Kalifoniya. Ubansa injiniya ne a kamfanin Lockheed mai ƙera jiragen sama da makamai. Tun yaron bai kai ko'ina ba uban ke zaunar da shi yana nuna masa yadda lantarki ke gudana cikin waya. Shi da kansa ya sha faɗin cewa babban abin da uban ya dasa masa a zuciya shi ne ƙin ƙarya.

A wancan zamani kwamfuta ba abin talaka ba ce. Wata sai ta cika ɗaki guda, kuma sai gwamnati da bankuna da manyan jami'o'i ke iya mallakarta. Wozniak yana sakandare ya ƙwallafa rai a kanta. Ya taɓa gaya wa ubansa lalle wata rana sai ya mallaki tasa, uban ya ce masa ai kuɗinta ya kai na gida, sai yaron ya amsa da cewa in haka ne zai zauna a ɗakin haya. Da yake ba shi da kuɗin sayen kayan haɗi, sai ya koma ga takarda da fensir. Yakan samo littafin bayanin wata kwamfuta, ya zana yadda za a ƙera ta, sa'an nan ya sake zanawa yana rage yawan ƙwayoyin lantarkin nan da masu gyara ke kira aisi. In ya yi da ɗari a wannan mako, mako mai zuwa sai ya nemi yi da tamanin. Haka ya yi shekaru yana ƙera na'urorin da bai taɓa kunnawa ba, ba mai yabo, ba mai biya.

A nan ne haƙurinsa ya haifi hikimarsa. Rashin kuɗi ya koya masa tattali, har ya zama duk abin da wani injiniya zai yi da ƙwaya hamsin shi sai ya yi da ashirin ko ƙasa da haka. Mahakurci, in ji Hausawa, shi ne mawadaci.

A 1971 shi da wani maƙwabcinsa Bill Fernandez suka haɗa wata 'yar ƙaramar kwamfuta a gareji. Fernandez ne ya gama shi da wani yaro da ya girma da kusan shekara biyar, mai suna Steve Jobs. A 1973 Wozniak ya sami aikin da ya daɗe yana mafarki a kamfanin Hewlett-Packard, inda yake zana injunan lissafi na aljihu, kuma niyyarsa ita ce ya tsufa a can.

Ƙungiyar gareji da kwamfutar farko

A watan Janairu na 1975 wata mujalla ta buga hoton wata na'ura mai suna Altair 8800, wadda ake sayar da kayanta mutum ya haɗa da kansa. Ba ta da madannan rubutu, ba ta da fuskar kallo, sai makunnai da 'yan fitilu. Duk da haka ta tayar da hankalin masu sha'awa, har ran 5 ga Maris, 1975, mutum talatin da 'yan kai suka taru a garejin wani mai suna Gordon French a garin Menlo Park, suka kafa ƙungiyar Homebrew. Wozniak na cikinsu. Kunya ta hana shi ɗaga hannu ya yi magana, a baya yakan zauna. Amma daren nan da ya koma gida ya fara zanen tasa.

Dabararsa ita ce ya haɗa abubuwa uku da mutane suka riga suka saba da su ko suke iya saya: madannai irin na tafireta, da akwatin talabijin na gida, da wata ƙwaya mai araha da za ta zama ƙwaƙwalwar na'urar. Ran 29 ga Yuni, 1975, ya danna harafi, harafin ya bayyana a fuskar talabijin. Daga baya ya tsaya a kan ƙwayar MOS 6502, wadda ake sayarwa dala 25 alhali takwarorinta sun haura dala 100. Harshen da za a riƙa ba na'urar umurni da shi, mai suna BASIC, da hannu ya rubuta shi a takarda, layi bayan layi, don ba shi da kuɗin hayar babbar kwamfutar da za ta taimake shi.

To, ga inda labarinsa ya rabu da na maigidan ƙanena. Da na'urar ta yi aiki, sai ya kai ta taron ƙungiya ya ɗora bisa tebur, ya buga zanenta a takardu ya riƙa miƙa wa duk wanda ya nema, ba ko kwabo. Har gidajen wasu ya je ya taya su haɗawa. Jobs ne ya lura cewa yawancin mutanen ba su da lokaci ko gwanintar liƙa wayoyi da dalma, ya ba da shawarar su riƙa yin allon a shirye suna sayarwa.

Amana

Kafin ya yarda da shawarar, Wozniak ya tsaya a kan abu guda. Shi ma'aikacin Hewlett-Packard ne, kuma yana ganin duk abin da ya ƙirƙira yana cin albashinsu, su ke da hakkin fara gani, ko da kuwa da dare ya yi shi. Ya kai wa shugabanninsa zanen, suka ce ba sa so. Bisa ga faɗarsa sau biyar yana komawa ana mai da shi. Sai da kamfanin ya ba shi takardar saki a rubuce sa'an nan hankalinsa ya kwanta. Da sun karɓa, da tarihin Apple bai wanzu ba, kuma ya san haka sa'ad da yake kai musu. Ina so 'yan'uwana ɗalibai su tsaya a nan su yi tunani: mu nawa ne za mu kai wa maigida tsuntsun da muka kama, alhali bai ma san mun fita farauta ba?

Ran 1 ga Afrilu, 1976, aka kafa kamfanin Apple. Don mai karatu ya gane zamanin, wata biyu ke nan da Janar Murtala Muhammad ya ƙirƙiro Jihar Sakkwato, wadda Gusau da Tsafe da Bungudu ke cikinta a lokacin, kuma a watan Satumba na shekarar ne aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta na UPE. Jarin kamfanin bai taka kara ya karya ba: Wozniak ya sayar da injin lissafinsa, Jobs ya sayar da tsohuwar motarsa. Na ukunsu, Ronald Wayne, bai daɗe ba ya janye. Wani mai kanti, Paul Terrell, ya yi odar guda 50. An sa wa Apple I kuɗi dala 666.66, kuma kimanin 200 kaɗai aka yi.

Ko da attajiri Mike Markkula ya zo da alkawarin dala 250,000 bisa sharaɗin Wozniak ya bar Hewlett-Packard, da farko cewa ya yi a'a. Ba ya son zama shugaba mai ba da umurni da korar mutane. Sai da wani abokinsa ya nuna masa cewa zai iya shiga ya ci gaba da zama injiniya kurum, sa'an nan ya amince.

Karamcin da aka gina cikin na'ura

A watan Afrilu na 1977 aka nuna Apple II, aka fara sayar da ita a watan Yuni a kan dala 1,298. Tana da launi, tana da sauti, kuma ana kunnawa ta fara aiki. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne wata gardama da aka yi a kanta. Wozniak ya sa mata gurabe takwas a ciki, inda kowa zai iya soka allon da ya ƙera don ƙara mata wani aiki. Jobs ya ce biyu sun isa. Wozniak, wanda ba ya son faɗa, a nan ya kafe, har ya nuna in ba takwas ba to a nemi wata kwamfutar. Takwas ɗin aka yi. Daɗin daɗawa, littafin bayanin da aka fitar a farkon 1978 ya ƙunshi zanen na'urar da umurnin da ke cikin ƙwaƙwalwarta, kowa ya gani.

Wani zai ce ai wannan wauta ce, ka buɗe wa abokan gasa rumbunka. Tarihi ya nuna akasin haka. Da mutane suka san cikin na'urar, sai ƙananan kamfanoni suka yi ta ƙera mata alluna da manhajoji. A 1978 Wozniak ya ƙara mata na'urar karanta faifai, wadda ya sarrafa da ƙwaya takwas kacal inda wasu ke amfani da gommai. A 1979 wasu mutane dabam suka fito da manhajar lissafin kuɗi mai suna VisiCalc, a kan Apple II ta fara fita, 'yan kasuwa suka riƙa sayen kwamfutar don ita kaɗai. An sayar da miliyoyi, kuma sai a 1993 aka daina ƙera zuriyarta. Ashe dai alheri danƙo ne.

Haƙuri da adalci

Tun kafin kafa Apple, Jobs ya karɓo kwangilar zanen wani wasan talabijin mai suna Breakout daga kamfanin Atari, Wozniak ya yi aikin cikin kwana huɗu ba barcin kirki. Bisa ga abin da Wozniak ya bayar, Jobs ya ce masa dala 700 aka biya, ya ba shi 350, sai bayan kimanin shekara goma ya ji ashe an yi ƙarin dubbai saboda ƙarancin ƙwayoyin da ya yi amfani da su. Ya ce har hawaye ya yi, kuma da an gaya masa ana bukatar kuɗin da ya bar su. Shi Jobs ya musanta zancen. Ko ma yaya aka yi, abin lura shi ne Wozniak bai kai ƙara ba, bai kuma yanke hulɗa ba.

Ran 12 ga Disamba, 1980, aka fara sayar da hannun jarin Apple ga jama'a a kan dala 22 kowane ɗaya, manyan kamfanin suka wayi gari attajirai. Amma akwai ma'aikata da yawa, har da waɗanda aka fara da su tun a gareji, da ba a ware wa kome ba. Tun kafin ranar Wozniak ya ga rashin dacewar haka. Ya ɗebi nasa kason ya sayar wa ma'aikata kimanin arba'in, kowa har 2,000, a kan dala 5 kacal. Wasu tsofaffin abokan wahala irin su Bill Fernandez da Daniel Kottke da Randy Wigginton da Chris Espinosa kuwa kyauta ya ba su. Da wannan ne wasu suka sayi gida. Babu dokar da ta tilasta masa.

A watan Fabrairu na 1981 ƙaramin jirgin da yake tuƙawa ya faɗi, ya yi makonni ba ya riƙe abin da ya faru. Da ya warware sai ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley don ƙarasa digirin da ya bari, ya kuma yi rajista da sunan aro don kada a girmama shi fiye da sauran ɗalibai. Ya gama a 1986. A 1985 ya riga ya bar aikin yau da kullum a Apple, shekarar da Shugaba Reagan ya ba shi lambar girma ta fasaha tare da Jobs. Bayan haka ya yi kimanin shekara takwas yana koyar da 'yan aji biyar na firamare da malamansu a garin Los Gatos, yana saya musu kwamfutoci da kuɗinsa, ba ya kuma gayyatar 'yan jarida.

Inda ma'aunin ya yi sauƙi

Ba na so in yi masa kirari irin na maroƙi, domin mutum tara yake bai cika goma ba. A 1971 zuwa 1972 shi da Jobs sun ƙera wasu akwatuna masu yaudarar layin tarho a yi kira kyauta, suka riƙa sayar wa ɗalibai. Ko da ya ce sha'awar fasaha ce ta ja shi, cin hakkin kamfanin tarho ne, doka kuma ta hana. Yana da yawan tsokana, har yana sakandare ya taɓa kwana a tsare saboda wani abu mai ƙara da ya ɓoye a makaranta aka zaci bam ne. A 1982 da 1983 ya shirya bukukuwan kiɗa guda biyu da suka cinye masa miliyoyin daloli. Ta fuskar hankali da dukiya ke nan, Bahaushe zai ce hannunsa ya cika saki.

Har ila yau, ba shi kaɗai ya haifi kwamfutar gida ba. Ed Roberts ya riga shi da Altair, kuma a 1977 ɗin nan kamfanonin Commodore da Tandy sun fito da nasu. Ba don naci da iya cinikin Jobs da kuɗin Markkula ba, mai yiwuwa da zanensa ya ƙare a hannun 'yan ƙungiya. Sa'an nan dole mu yi wa maigidan ƙanena adalci: Wozniak yana da albashi sa'ad da yake rabon zane, shi kuwa mai shago tsoronsa kada yaro ya buɗe nasa a gefensa ya janye masa masu kawo gyara, ga iyali na jiran cefane.

Mu kuma fa?

Duk da haka, halin nan na buɗe ilmi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Gado biyu muke da shi. Akwai na asirin sana'a da na ambata, akwai kuma na malamin zaure, wanda ke shimfiɗa buzu ya karantar da duk wanda ya zo, ba ya tambayar ɗan wane ne. Kusa da Tsafe ga 'Yandoto nan, garin da tun kafin jihadi ɗalibai ke nufowa daga nesa don neman sani, kuma addini ya yi hani mai tsanani ga ɓoye ilmi. Tambayar da ke gabanmu ita ce, a cikin gadon nan biyu wanne za mu ɗora ilmin kwamfuta a kansa?

Muna da abin koyi a gida. Sa'ad da kwamfuta ta fara shigowa ofisoshinmu, ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba, watau ɓ da ɗ da ƙ, sai mai bugu ya bi da biro yana sa ƙugiya, ko a bar mai karatu ya rarrabe tsakanin ƙasa da kasa da kansa. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Karatu Daga Gida daga 2016 zuwa 2021, ya zauna ya ƙirƙiro tsarin haruffan da aka sani da Rabi'at da Abdalla, suka bazu a hannun marubuta da maɗaba'u da sassan Hausa na jami'o'i. Ya ga giɓi a harshensa, bai jira Bature ya cike masa ba, bai kuma kulle abin a akwati ba.

Kammalawa

A cikin halaye goman nan, ina ganin Wozniak ya yi nauyi a gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da hikima da adalci, ya yi sauƙi a hankali da dukiya da kuma wautar ƙuruciya. Abin da tarihinsa ya koya mini shi ne halin maƙeri yakan shiga cikin abin da ya ƙera: mai buɗaɗɗen hannu ya yi na'ura mai gurabe takwas, ita kuwa ta ciyar da dubban mutanen da bai taɓa gani ba. A yau da wasu samarinmu ke ɗaukar gwanintar kwamfuta a matsayin hanyar damfara, wasu kuma ke ɓoye ɗan abin da suka sani, ya kamata mu da muka sami gatan zuwa jami'a mu fara da kanmu. Wanda ya iya sa ƙugiya a waya ko kwamfuta ya koya wa na kusa da shi, wanda ya sami littafi ya ba da aro, malamanmu kuma su ci gaba da haƙuri da mu. Ƙanena kuwa na ce masa ya daure ya ƙarasa, amma ranar da Allah ya ba shi nasa shagon, in aiki mai wuya ya zo, ya jawo wa yaronsa kujera. Allah ya sa mu dace, amin.